Sankarar kaluluwa a karnuka: Yadda likitoci ke hasashen ko magani zai ci

A duk lokacin da likitan dabbobi ya tabbatar wa mai kare cewa dabbar tasa ta kamu da sankarar kaluluwa, tambaya guda ce ke biyo baya: idan aka yi magani, kwana nawa zai ƙara? Amsar da aka saba bayarwa a manyan asibitocin dabbobi na Amurka da Turai ita ce kimanin shekara ɗaya. Sai dai akwai bambanci mai faɗi a ƙarƙashin wannan amsa. A cikin karnukan da aka yi wa magani iri ɗaya, a asibiti ɗaya, a hannun likita ɗaya, akwai wanda ba ya kai wata uku, akwai kuma wanda ke haura shekara biyu yana cin abincinsa yana gadinsa kamar ba abin da ya taɓa samun sa.

Gane rukunin da kare zai faɗa, tun kafin a yi masa allurar farko, shi ne abin da masana cutar daji ta dabbobi suka kwashe shekaru suna bibiya. Maganar ba ƙarama ba ce ga mai karen, domin ana ɗaukar kusan wata shida ana zirga-zirgar asibiti, kuma a Amurka kuɗin na kaiwa dubban daloli. Ga hukumar da ta sha wahalar horar da karen shinshinar miyagun ƙwayoyi ko bama-bamai, da makahon da kare ke yi wa jagora, hasashen ne zai nuna ko a ci gaba da dogaro da dabbar ko a fara neman madadinta.

Yadda cutar take

Abin da Hausawa ke kira kaluluwa, wato ƙullutun da kan kumbura a hammata ko a matsematsi idan mutum ya ji ciwo, wasu ƙananan matatai ne da ke warwatse a jiki, inda wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini ke taruwa don yaƙar cuta. Likitoci na kiran waɗannan ƙwayoyi limfosait. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa, sai a sami sankarar da ake kira limfoma.

Tana cikin cututtukan dajin da suka fi kama karnuka. Littattafan likitancin dabbobi na sanya ta tsakanin kashi 7 zuwa 24 cikin 100 na duk cutar dajin da ake gani a kare. Ta fi samun masu shekara shida zuwa tara, kuma ta fi son wasu jinsuna kamar Boxer da Golden Retriever da Bullmastiff da Rottweiler, wanda masu hali da dama a Najeriya ke ajiyewa don gadi. A kusan kare huɗu cikin biyar, cutar na bayyana ne da kumburin kaluluwa a wurare da yawa lokaci guda: ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, da bayan gwiwa. Kumburin na da tauri, ba ya ciwo, kuma sau da yawa karen na cikin walwalarsa, abin da kan sa mai shi ya yi sakaci.

Da yake ƙwayoyin limfosait masu yawo ne a jini, wuƙar likita ba ta da amfani a yawancin lokuta. Idan an bar karen ba magani, nau'in da ya fi yawa kan kashe shi cikin mako huɗu zuwa shida. Idan an ba shi ƙwayar firedinisolon kaɗai, kumburin kan saɓe, amma sauƙin ba ya wuce wata ɗaya zuwa biyu.

Maganin da aka fi dogara da shi haɗi ne na magunguna huɗu da ake kira CHOP, daga haruffan farko na sunayensu a Turance: saikulofosfamaid, doksorubisin, binkiristin da firedinisolon. Binkiristin, a taƙaice, daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska aka samo shi, mai fure fari ko ruwan hoda, wadda ake shukawa don ado a harabar gidaje da ofisoshi a nan ƙasar. Shi kuwa doksorubisin jan ruwa ne da aka samo daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa a Italiya. Tsarin da ya fi shahara shi ne na Jami'ar Wiskonsin da ke Amurka. A wani rahoto da aka wallafa a 2002 kan karnuka 53 da aka yi wa wannan tsari na mako 25, cutar ta lafa gaba ɗaya a jikin sama da kashi 90 cikin 100, kuma aka gano cewa ci gaba da ba su magani bayan an kammala zangon ba ya ƙara musu komai.

Lafawa dai ba warkewa ba ce. Ma'anarta ita ce kumburin ya ɓace, likita ya lalube bai ji komai ba, amma ragowar ƙwayoyin cutar na nan a ɓoye. A jikin yawancin karnuka cutar na dawowa, kuma duk dawowar da ta yi ta fi ta baya taurin kai. Alƙaluman da suka fi yawo a wannan fanni su ne wata 10 zuwa 12 a matsayin tsaka-tsakin rayuwa bayan an fara CHOP, sannan kare ɗaya cikin huɗu ko biyar ya kai shekara biyu. Waɗanda ke rabuwa da cutar kwata-kwata ƙalilan ne.

Yana da kyau a fahimci abin da ake nufi da tsaka-tsaki a nan, domin a kansa masu karnuka ke yawan ruɗewa. Idan aka jera karnuka 100 daga wanda ya riga mutuwa zuwa wanda ya fi daɗewa, kwanakin na 50 ne ake ambata. Rabi sun mutu kafin wannan lokaci, rabi sun wuce shi. Duk aikin hasashe ƙoƙari ne na gano ko wannan karen da ke kwance a kan teburin likita yana kusa da farkon layin ne ko ƙarshensa.

Tambaya ta farko: B ce ko T?

Ƙwayoyin limfosait iri biyu ne manya. Akwai nau'in B, masu ƙera sinadaran garkuwar jiki, da nau'in T, masu kai farmaki da kansu da kuma tsara yaƙin. Sankarar na iya tasowa daga kowanne, kuma babu wani bayani guda da ya kai wannan nauyi wajen hasashe. Kimanin kashi biyu cikin uku na karnukan da ke da cutar nau'in B ne, kuma su ne suka fi amsa magani, inda tsaka-tsakinsu ke kaiwa shekara ɗaya. Masu nau'in T mai saurin yaɗuwa kuwa, tsaka-tsakinsu bai cika wuce wata shida ba. Ko cutar ta lafa a jikinsu, tana saurin dawowa. An lura cewa doksorubisin, wanda shi ne ƙashin bayan CHOP, ba ya cin nau'in T kamar yadda yake cin nau'in B, shi ya sa likitoci da yawa ke karkata ga wasu haɗe-haɗen da ke ɗauke da maganin lomustin idan sun ci karo da shi. Haka ma maganin Tanovea, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba wa cikakkiyar amincewa a Yulin 2021, ya fi tasiri a kan nau'in B.

Jinsin kare na ba da haske tun kafin gwaji. Boxer, alal misali, nau'in T ya fi kama shi, yayin da Rottweiler ya fi karkata ga nau'in B. Amma wannan zato ne kawai, ba ya maye gurbin gwaji.

An daɗe ana koya wa ɗaliban likitancin dabbobi cewa B dama-dama ce, T kuwa ita ce masifa. Wannan taƙaitawa ta jawo wa wasu karnuka asara, domin daga baya an gano wani reshe na nau'in T mai tafiyar hawainiya, wanda ke tasowa daga yankin ƙwayoyin T na cikin kaluluwa. Ya fi yawa a tsofaffin Golden Retriever. Karen da ke da shi na iya yin wata da watanni da kumburi a wuya ba tare da ya fasa komai ba, kuma bincike fiye da ɗaya ya nuna tsaka-tsakin rayuwarsu ya haura kwana 600. Da yawansu ba sa buƙatar CHOP ma sam, sai sa ido ko ƙwayoyi masu sauƙi na sha. Wanda ya ji an ce T kawai, ya yanke ƙauna ya sa aka kashe karensa, ya yi asarar shekara biyu ko kusa da haka. Wani babban nazari da aka wallafa a 2013 kan karnuka 992, wanda ya bi tsarin rarraba cutar na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ƙara tabbatar da cewa limfoma taron cututtuka ne masu suna ɗaya, kowace da halinta.

Abin da ido da hannu ke iya gani

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan cuta Larabar ita ce halin da karen ya zo asibiti a ciki. Likitoci na kasa cutar mataki biyar: na ɗaya kaluluwa guda, na biyu kaluluwai da dama a yanki ɗaya na jiki, na uku duk jiki, na huɗu ta shiga hanta ko saifa, na biyar ta kai ga jini ko ɓargo ko wata gaɓa dabam. Mai karatu zai zaci matakin ne ke yanke hukunci, amma abin ba haka yake ba sosai. Yawancin karnuka na zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu, kuma tazarar da ke tsakanin sakamakon waɗannan biyun ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya fi matakin muhimmanci shi ne wani ƙaramin harafi da ake maƙala masa. Idan karen na ci, yana sha, yana wasa, sai a rubuta "a". Idan ya daina cin abinci, yana amai ko gudawa, ya rame ko yana zazzaɓi, sai a rubuta "b". Bincike bayan bincike ya nuna cewa masu "b" ba sa daɗewa kamar masu "a". Wannan ma'auni ba ya buƙatar na'ura ko ɗakin gwaji, amma har yau yana cikin mafi inganci da ake da su.

Wurin da cutar ta zauna ma na magana. Wadda ta kama hanji, ko hanta da saifa kaɗai, ko ƙwaƙwalwa da laka, ba ta da kyakkyawan ƙarshe idan aka kwatanta da ta kaluluwan waje. Haka nan idan hoton ƙirji ya nuna ƙullutu a gaban zuciya.

Sai gwajin jini na yau da kullum. Hauhawar sinadarin kalsiyam alama ce da likitoci ke tsoro. Wasu ƙwayoyin sankarar, galibi nau'in T, na fitar da wani sinadari mai kwaikwayon wanda jiki ke amfani da shi wajen zaro kalsiyam daga ƙashi. Karen sai ya riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana fitsari, ƙodarsa kuma na lalacewa a hankali. Ƙarancin jini shi ma yana rage tsammani.

Wani nazari da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2011, ya tunkari batun ta wata fuska mai ban sha'awa. Masu binciken sun ɗauki karnuka 127 masu nau'in cutar mai saurin yaɗuwa, suka ware 13 da suka haura shekara biyu, suka duba abin da ya haɗa su. Kusan dukkansu nau'in B ne, jininsu bai yi ƙasa ba, kalsiyam ɗinsu bai hau ba, cutar ba ta shiga ɓargo ba, kuma ba a taɓa ba su maganin sitiroyid kafin a fara kemoterafi ba.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a dakata a kansa, domin shi kaɗai ne a jerin yake hannun ɗan Adam. Firedinisolon da ɗan uwansa deksametason suna kashe ƙwayoyin limfoma, shi ya sa kumburi ke saɓewa cikin kwanaki idan an ba kare su. Amma ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin rai. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne cewa akwai wani ɗan famfo a bangon ƙwayar halitta da ke tunkuɗo guba waje, kuma ƙwayoyin da suka saba da sitiroyid na ƙara yawan wannan famfo. Binkiristin da doksorubisin na cikin magungunan da famfon ke iya fitarwa. Idan aka zo fara CHOP bayan makonni ana ba da sitiroyid, sai a tarar cutar ta riga ta koyi tofar da biyu daga cikin manyan makaman. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Abin da ɗakin gwaji ya ƙaro

Matakin farko na gano cutar mai sauƙi ne: a soka siririyar allura a kaluluwar, a zuƙo 'yan ƙwayoyi, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Wannan na iya tabbatar da limfoma a mafi yawan lokuta, amma ba ya bambance B da T da tabbaci. Don haka ake tura samfurin ga wata na'ura da ke jera ƙwayoyin su wuce ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken lesa, bayan an sa musu rinin da ke manne wa alamomin da ke jikinsu. Na'urar na faɗin nau'in ƙwayar da girmanta, kuma ita ce ke tona asirin reshen T mai tafiyar hawainiya, domin ƙwayoyinsa sun rasa wata alama da ake kira CD45 wadda sauran ke ɗauke da ita.

Masu bincike a Jami'ar Jihar Kolorado sun yi amfani da wannan na'ura suka raba nau'in B kansa gida biyu. A rahotonsu na 2011 sun nuna cewa karnukan da ƙwayoyin cutarsu ke da ƙarancin wata alama mai suna MHC rukuni na biyu, wadda da ita ƙwaya ke nuna kanta ga garkuwar jiki, tsaka-tsakinsu kimanin wata huɗu ne, alhali masu yalwar alamar na kaiwa wajen wata goma. Wato har a cikin masu sa'a akwai marasa sa'a.

Akwai kuma gwajin PARR, wanda ke duba ƙwayoyin gado don gano ko limfosait ɗin da ke cikin samfurin duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, alamar sankara, ko kuwa taron dangi daban-daban ne da suka fito yaƙar wata cuta. Masana a Jami'ar Tokyo sun faɗaɗa wannan dabara suka riƙa ƙirga ragowar ƙwayoyin sankara a jinin karnukan da cutarsu ta lafa. Sun gano cewa yawan ragowar a ƙarshen magani na da alaƙa da tsawon lafawar, kuma adadin kan fara hawa makonni kafin hannun likita ya ji kumburi. A Suwidin ma an nuna cewa wani sinadarin jini mai suna TK1, wanda ƙwayoyi masu saurin rabuwa ke zubarwa, yana yin irin wannan gargaɗi. A baya-bayan nan kuma, masu karanta ƙwayoyin gadon sankarar a Italiya sun danganta lalacewar TP53, wadda aikinta hana lalatacciyar ƙwaya hayayyafa, da gajeren kwana a nau'in B.

Hasashe bai tsaya kan ko magani zai ci cutar ba, ya haɗa da ko zai ci karen. Yawancin karnuka na jure kemoterafi fiye da mutane, saboda adadin da ake ba su bai kai na mutane zafi ba, kuma ƙalilan ne ake kwantarwa a asibiti. Amma a 2001 Katrina Mealey ta Jami'ar Jihar Washington ta gano wata tawaya a ƙwayar gadon da ake kira MDR1, wadda ita ce ke ƙera famfon nan da aka ambata. Kusan kare uku cikin huɗu na jinsin Collie na ɗauke da ita, ana kuma samun ta a wasu karnukan kiwo. A jikin irin wannan kare, famfon ba ya aiki a lafiyayyun gaɓoɓi, don haka adadin binkiristin da wani zai shanye lafiya na iya kayar da shi. Tawayar ce kuma ke sa maganin tsutsa na aibamektin ya zama guba ga waɗannan karnuka idan an yawaita shi.

Shigowar ƙirƙirarriyar basira

Sabon salo shi ne a gwada maganin a kan cutar kafin a gwada shi a kan karen. Kamfanin ImpriMed da ke Kalifoniya na karɓar ƙwayoyin sankara masu rai da likita ya zuƙo, ya zuba su a ƙananan ramuka, ya ɗiga wa kowane rami magani dabam, sama da iri goma, ya auna waɗanda suka mutu. Sai a haɗa wannan sakamako da na na'urar lesa da bayanan karen, a miƙa wa manhajar kwamfuta da aka horar da tarihin karnukan da aka yi wa magani a baya. Cikin kimanin mako guda likita na samun ƙiyasin yiwuwar kowane magani ya yi aiki. Masu binciken kamfanin sun wallafa sakamako tun daga 2021, kuma a wani rahoto na 2024 kan karnukan da nau'in B ya dawo musu, sun ce waɗanda maganinsu ya fi dacewa da hasashen manhajar sun fi daɗewa.

Dabarar na da ma'ana, musamman a lokacin da cutar ta dawo, inda likita ke da magunguna da yawa a gabansa kuma ba shi da lokacin gwada su ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai dalilin taka-tsantsan. Masu sayar da gwajin ne suka gudanar da binciken, karnukan ba su da yawa, kuma ba a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba, wanda shi ne ma'aunin da kimiyya ta fi yarda da shi. Ƙwayar da ke cikin ramin roba kuma ba ta da hanta da za ta sarrafa magani, ba ta da garkuwar jiki da za ta taya ta ko ta yaƙe ta.

Har yanzu babu gwajin da ya kai makonnin farko na magani faɗin gaskiya. Karen da kumburinsa ya ɓace gaba ɗaya ya fi wanda nasa ya ragu kawai nesa ba kusa ba. Wanda kuma lafawarsa ta farko ta daɗe, ya fi samun damar lafawa ta biyu idan aka maimaita CHOP, ko da yake ta biyun kan yi kusan rabin tsawon ta farko.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne cewa alƙaluman rayuwar kare ba su yi daidai da na mutum ba. A ƙasashen da aka tattara su, yawancin karnukan ba cutar ce ke ƙarasa su ba, mai su ne ke yanke shawarar a yi musu allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarsu. Ranar da aka rubuta a matsayin ranar mutuwa ta dogara ne da aljihun mai karen da ƙarfin zuciyarsa, da kuma abin da likita ya gaya masa. Idan an ce masa nau'in T ba ya jin magani, zai fi saurin haƙura, kuma haƙurin nasa zai shiga lissafin da za a nuna wa na bayansa. Hasashe na iya taimakawa wajen tabbatar da kansa.

Dalilin da ya sa likitocin mutane ke leƙowa

Nau'in B da ya fi yawa a kare ya yi kama ƙwarai da limfomar da ta fi yawa a manyan mutane, kuma CHOP ɗin ma daga asibitin mutane aka aro shi. Tun 1993 likitocin mutane ke da ma'aunin hasashe na ƙasa da ƙasa mai abubuwa biyar, da suka haɗa da shekaru da mataki da ƙarfin jikin majiyyaci. A 1997 aka amince da maganin rituksimab, wanda da aka haɗa shi da CHOP ya sa ana warkar da kimanin kashi 60 cikin 100 na masu wannan nau'i. Sai dai rituksimab ba ya kama alamar da ke jikin ƙwayar kare, abin da ke cikin dalilan da suka sa sakamakon karnuka bai sauya sosai ba cikin shekaru ashirin. Duk da haka kare na da abin da ɓeran ɗakin gwaji ba shi da shi: cutar da kanta take zuwar masa, yana shaƙar iskar da mai shi ke shaƙa, kuma abin da zai ɗauki shekara biyar kafin a gani a mutum ana ganin sa a kare cikin shekara ɗaya. Gidauniyar Morris ta Amurka na bin rayuwar karnukan Golden Retriever sama da 3,000 tun 2012, kuma limfoma na cikin cututtukan da ta sa wa ido.

Idan aka zo gida

An tattara waɗannan alƙaluma ne a asibitocin ƙwararru na Amurka da Turai da Japan, a kan karnukan da ba su san ƙudan tsando ba. A Najeriya kumburin kaluluwa a kare na da wasu masu laifin da dole a fara wankewa. Sammore na kumbura kaluluwa, ya kawo zazzaɓi da ƙarancin jini, wani lokaci har ido ya yi fari. Cutar erlikiya da kaska ke yaɗawa ita ma haka, kuma an san tana iya ruɗa gwajin PARR ya nuna alamar sankara alhali babu ita. Ƙarancin jini, wanda a Italiya ake ɗauka alamar cutar ta yi nisa, a nan yana iya zama aikin kaska ko tsutsar ciki, kuma ana iya gyara shi da magani mai araha kafin a yanke wa karen hukunci.

Magungunan kansu ba baƙi ba ne ga likitocin dabbobi na ƙasar nan. Binkiristin shi ne maganin da aka saba amfani da shi kan sankarar al'aura da karnuka ke ɗauka wajen barbara, kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Ibadan da Nsukka da Maiduguri da Sakkwato. Amma binkiristin na buƙatar firiji, don haka inda aka ajiye shi da yadda wutar lantarki ta kasance na shiga cikin hasashe, ko da babu littafin da ya lissafa su. Shi da doksorubisin kuma, idan suka zube a wajen jijiya, suna ƙona nama su bar gyambo mai wuyar warkewa, kuma suna da haɗari ga mai yin allurar. Ba aikin mai kyamis ba ne, ba kuma na yaron gida ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tun kafin a kai ga asibiti. Firedinisolon da deksametason na da arha, ana samun su ba tare da takardar likita ba, kuma da yake kumburin na saɓewa da zarar an ba da su, mai karen sai ya ɗauka ya dace da magani. Bayan makonni kumburin ya dawo, a lokacin kuwa an yi asara biyu: ƙwayoyin da za a duba a madubi sun farfashe har ba a iya tantance su, waɗanda suka rage kuma sun yi tauri. Ɗaukar samfur da allura ba ya wuce 'yan mintuna, ba ya buƙatar a sa karen barci a mafi yawan lokuta, kuma gilashin da aka shafa ya bushe na iya jiran a kai shi ɗakin gwaji a wani gari. Ko a halin gaggawa, kamar karen da kumburi ya toshe wa numfashi ko wanda kalsiyam ke barazana ga ƙodarsa, likitoci kan zuƙi samfurin tukuna, sannan su ba da sitiroyid ɗin a ranar.